Waifar Motar Kawu

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, bayan ɗan zazzaɓin da ko kwantar da shi sosai bai yi ba. Na Allah ne mu, kuma can muka nufa, wannan ba wanda ya isa ya ja da shi. Abin da ya tsaya mini a wuya har yau shi ne yadda mutanen unguwarmu a Batsari suka karɓi mutuwar.

Na yi zaman makoki da yawa, na san yadda ake gaisuwa. Mutum ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. A ƙofar gidan Kawu sai na riƙa jin wata addu'a daban: "Allah ya jiƙan musulmi." Na farko ya faɗa, na ce amin. Na biyu ya faɗa, na ce amin. Da abin ya yi yawa na gane ba suɓutar baki ba ce. Sun zo ne don kada a ce ba su zo ba. Su ɗosana a bakin tabarma, ba a gama shafa fatiha ba sun fara laluben takalmi da ƙafa. Kuma duk wanda ya miƙe sai ya saci kallon motar Kawu da ke gindin bedi, kamar wani ne zaune a ciki yana rubuta sunayen masu zuwa.

Waɗanda suka yi kuka na gaskiya mutanen ƙauye ne. Daga Wagini suka zo, daga Zakka suka zo, wasu a babur, wasu a jaki. Wata tsohuwar Bafulatana ta dire ƙwaryar nono a zaure, ta tafi ta dafa ƙofar motar tana hawaye tana magana da Fillanci. Ban ji abin da take cewa ba, amma na ga wasu 'yan unguwa suna zungurin juna. Wallahi ba don gawa ba ta daɗe da fita daga gidan ba, da na yi abin da za a daɗe ana ba da labari.

Sai ga Baba Sarki, sarkin fawan kasuwarmu, aminin Kawu tun suna samari. Bai zauna ba. Ya tsaya daga gefe, liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, shi nasa hannuwan suna cikin aljihun riga. Da aka shafa ya juya ya tafi, ko kallona bai yi ba.

Na ɗauki alƙalami ne don wannan. Ni tela ne, ban iya tsara zance irin na malamai ba, amma ba zan bari abin da za a tuna da Kawu ya zama raɗa ba.

Wan mahaifiyata ne. A hannunsa na koyi tuƙi tun kafin in koyi taka keken ɗinki. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata suna aure can nesa, saboda haka gidan daga shi sai matarsa da muke kira Iya, sai kuma motar. Tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Faransa, ta girme ni nesa ba kusa ba. An ce fara ce a da. Ni dai da kalar ƙasa na san ta. Wasu samari sun taɓa tasowa daga birni suna zagaya ta suna ɗaukar hoto, wai irinta ta yi wuya, a sayar masu. Kawu ya shiga ciki ya kulle ƙofa, ya wuni a zaune a wajen sitiyari har suka gaji suka tafi. Ya ce shi bai yarda da mutumin da ke yaba tsohon abu ba, akwai abin da yake so ya kwance.

Kawu bai yarda da kowa ba, wannan kam ba zan ɓoye ba. Maganarsa ɗaya ce: "A buɗe in gani." Ka kawo mashi buhun wake a ɗinke, a buɗe in gani. Ka ce an ga wata, sai ya ce, "Wa ya gani? Ɗan wa ne?" Ko Iya ta ce ta sa gishiri, sai ya lasa tukuna. Makanikai kuwa su ne abokan gabarsa na din-din-din. Kowane noti da kowace waya ta cikin motar ya ɗiga mata shuɗin fenti, don in an musanya mashi da na jabu ya gane. In dole ta kai shi gareji, da kujerarsa yake zuwa, ya zauna dab da ƙafar bakanike yana bin hannunsa da ido. Motar ba ta taɓa kwana a gareji ba. Makanikan Batsari in sun hango ta sai kowa ya tuna yana da sallar da bai yi ba.

Amma mutumin nan da ba ya yarda da buhun wake, in aka ce mashi akwai mara lafiya ba ya tambayar wa ya ce. Sai dai ka ji ya ce, "Ina ne?" Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, tsoho da numfashi ya sarƙe, gawa da za a mayar ƙauyensu, duk bayan motar nan ya ɗauke su. Akwai katifa da ba ta sauka daga bayan motar, da buta, da tsohon bargo. Lokacin da hanyoyin ƙauye suka lalace da ɓarayin daji, masu motoci suka janye ɗaya bayan ɗaya, shi bai janye ba. Mahaifiyata ta yi kuka ta roƙe shi, ya ce mata, "To in na zauna, mai naƙudar Zakka a kai za a ɗauko ta?"

Ga inda maganar waifa ta shigo. Waifa dai su ne 'yan sandunan nan biyu masu roba da ke share ruwa a gilashin gaba. A nan wajenmu in damina ta wuce direbobi kan cire su, a naɗe a tsumma a jefa ƙarƙashin gado, don rana na busar da robar ta tsattsage. Na Kawu irin na da ne, sun yi tsatsa sun kama jikinsu, ya ce in aka ciro su ba za su koma ba, kuma ba a samun irinsu ko a Kano. Sai ya yi dabara. Robar da kansa yake yankowa daga tsohon tib ɗin babur, ya zura. In rani ya shigo kuma, Iya ta ɗinka masu 'yan riguna na farin ƙyalle, dogaye kamar safa, ya sa masu don kare rana. Shekara da shekaru haka yake yi, ana ta yi mashi dariya, ana cewa Kawu ya yi wa motarsa kayan Sallah.

A kan hanyar ƙasa da ke ratsawa ta wajen Tsaskiya akwai wani rafi dab da bakin daji, wanda mota ke gangara mashi a karkace. Wani rani, duk lokacin da motar Kawu ta gangara rafin nan, sai waifar ta tashi da kanta. Ta yi sama da ƙasa, sama da ƙasa, da fararen rigunanta, har sai ya haye gaɓa sannan ta kwanta. Ba hadari, ba yayyafi, rana tsaka. Masu babur da ke bin hanyar su suka fara kawo labarin, ana dariya. Da aka fara tare mutane a kusa da rafin, sai dariyar ta ɗauke. Wani ya ce ai abin kamar ɗaga tuta ne. Wani ya ce kowa an taɓa tare shi a hanyar nan, ban da mutum ɗaya. Ba wanda ya furta kalmar infoma, wato mai tsegunta wa ɓarayi, a gabanmu, amma in na shigo majalisa sai zance ya koma kan farashin taki.

Babban ɗan Baba Sarki ya tafi sayen raguna wata kasuwar ƙauye. Kawu ya bi hanyar yau, washegari aka tare yaron a bakin rafin. Gawarsa aka kawo. Kuma a motar Kawu aka kawo ta, don ba wanda ya yarda ya je sai shi.

Ina wajen ranar da Kawu ya koma yi wa amininsa gaisuwa. Ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya ce, "Sarki, ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi?"

Baba Sarki ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Direba, wa kake ɗaga ma hannu a rafi?"

Kawu ya ce, "Ni kake ma wannan tambaya, Sarki?"

"Kai nake tambaya. Mota na sharar ruwa da rani? Mi ya sa kai ba a tare ka?"

"Su tare ni su yi mi da ni? Su yi mi da wannan akwalar?"

A rayuwata ban taɓa jin ya kira motar akwala ba sai ranar. Wanda duk ya kira ta haka a da, sai sun kwana biyu ba su gaisa ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ce, "Lalacewa ta yi. Zan gyara ta, in kai ka ka gani da idonka." Baba Sarki ya ce ba ya buƙata. Daga ranar mutanen nan biyu, da suke cin tuwo a kwano ɗaya tun ban zo duniya ba, ba su ƙara haɗa ido ba.

Na je na same shi, raina a ɓace. Na ce, "Kawu, don Allah ka cire fiyus ɗin abin nan kowa ya huta."

Ya ce fiyus ɗinta ɗaya da na ham, shi kuma ba zai bi hanyar shanu da jakuna ba ham ba.

Na ce, "To ka tuɓe mata fararen rigunan nan mana!"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, ashe ba ka da wayo. In na tuɓe yau, gobe a ce na canza alama. In na cire ta, na amsa laifi. Abu ya lalace, gyara shi ake yi."

Taurin kai irin na Kawu ban taɓa gani ba. Amma da na kwana na tashi sai na ga akwai gaskiya a maganarsa, don na san mutanen da muke zaune da su.

Na bi shi hanyar don in gani. Wallahi tallahi, hannuwansa biyu suna kan sitiyari, yana ta addu'ar da yake yi in zai gangara rafi, motar ta karkata, waifar ta zabura ta fara kaɗawa. Ya kai hannu ya murɗa makunnin hagu da dama, ko a jikinta. Sai da muka haye ta kwanta. Na dawo na faɗa a majalisa, na rantse. Wani ya ce, "Ai kawunka ne." Wani ya ce ai ko da gwiwa ana iya taɓa makunni. Haba jama'a! Tsohon da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ko a sallah, a zaune yake yi, shi ne zai kunna waifa da gwiwa? Na tashi na bar masu wajen kafin in zagi wanda ya girme ni.

Daga nan gindin bedi ya koma gareji. Da ya dawo masallacin asuba sai ya shimfiɗa tabarma, ya aro farantan Iya ya jera, kowane noti da farantinsa. Ya fara da makunni, ya kwance, ya goge da toka, ya mayar. Ya bi hanya, ta tashi. Ya ciro injin waifar gaba ɗaya, ɗan ƙaramin abu kamar gwangwanin madara, ya buɗe cikinsa. Akwai wani ɗan faifan tagulla a ciki, shi ke sa sandunan su koma su kwanta in an kashe. Ya kankare shi har yana ƙyalli, ya shafa giris sabo, ya ɗaure. Ya bi hanya, ta tashi. Abin takaicin, a gida ba ta taɓa yi ba. Ya sa na jera duwatsu ya hau da taya ɗaya don motar ta karkata kamar a rafi, ya ce in hau baya in yi ta jijjiga ta. Ni da gemuna ina tsalle a bayan a-kori-kura, matan maƙwabta na leƙe ta katanga. Waifa ta yi kwance abinta.

Akwai wani bakanike maƙwabcin shagona, mutumin kirki, ya ce a bar mashi motar ta kwana biyu ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na kai wa Kawu maganar ina murna. Ya ce, "Ta kwana a ina?" Na ce a gareji. Ya ce, "Ka gaida shi." Shi ke nan.

Duk da haka bai daina ɗaukar marasa lafiya ba. Sai dai na lura ya daina zama majalisa, a masallaci kuma ya koma sahun baya, can gefen bango. Ya rame. Wata rana na tarar da shi ya zura kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, yana magana shi kaɗai. Na ji yana cewa, "Ke ma sai kin ci amanata?" Na koma da baya a hankali na yi sallama daga nesa.

Da azumi ya shigo ɗinkin Sallah ya sha mini kai, ban ƙara leƙa gindin bedi ba. Bayan Sallah da 'yan kwanaki aka aiko Kawu ba lafiya. Kafin a ce a kai shi asibiti, a motar da ta kai kowa, rai ya yi halinsa.

Da aka watse daga sadakar bakwai sai gidan ya zama kango. Iya na takaba, ya kamata a ce mata na shiga suna fita, wannan ta kawo kunu, wannan ta taya ta hira. Ba mai shiga. Masu aiko yara sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a wajenta suka koma wani gida. Maƙwabciyar da suke miƙa wa juna garwashi ta katanga ta daina amsa sallamarta. 'Yan'uwan Iya da ke Safana suka zo suka ga halin da take ciki, suka ce in dai haka abin zai zauna, ranar da ta fita takaba za su ɗauke ta. Iya kuwa a gidan nan aka kawo ta amarya. Bedin ƙofar gida ma ita ta riƙa ba shi ruwa yana ƙarami. Na san in sunan Kawu bai wanku ba, ta bar gidan ke nan.

Sai na je wajen mai unguwa. Na ce tunda an ce Kawu ne ke kunnawa, to ga shi Kawu ba ya duniya. Ni zan tuƙa, shi mai unguwa da Baba Sarki su zauna gaba kusa da ni, su sa ido a hannuna da gwiwata da duk inda suka ga dama. In waifa ta tashi da kanta a rafi, a fito a faɗa wa jama'a a masallaci. Mai unguwa ya ce wannan magana ce. Da ƙyar ya shawo kan Baba Sarki.

Muka fita ranar kasuwa da safe, lokacin da hanya ke da mutane. Baba Sarki a tsakiya, mai unguwa a bakin ƙofa. Baba Sarki ya kafe hannuna da ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Ni kuwa zuciyata fes, har ina tsara yadda zan kalli mutanen majalisa in mun dawo. Muka iso rafin, wajen da aka tsinci ɗansa. Na ji numfashinsa ya canza. Na sa giya ta ɗaya, na gangara a karkace daidai yadda Kawu ke yi.

Waifa ba ta motsa ba.

Na ce ƙila ban karkata sosai ba. Na haye, na juyo, na sake gangarawa. Shiru. Na sake, wannan karon da gudu, har kan mai unguwa ya bugi rufi. Fararen rigunan nan suna kwance a gindin gilashi kamar an manna su. Gumi ya jiƙa mini riga. Na ce a bari in ƙara sau ɗaya, mai unguwa ya ce, "Ya isa haka nan, wajen nan ba wajen wasa ba ne."

Baba Sarki ya yi magana a karon farko. A hankali ya ce, "Ka daina wahal da kanka, yaro. Mai kunna ta ya tahi."

Ban san yadda na kawo mu gida ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, wai ɗan ƙanwarsa da kansa ya kai shaidu ya tabbatar. Ni da na fita wanke shi, ni na ƙara shafa mashi baƙi. Kuma ba zan yi ƙarya ba, kaina ya ɗaure tamau, don da idona na ga abin nan yana tashi.

Na shiga wajen Iya. Tana zaune a tabarma da carbi, na zube na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta saki carbin ta riƙe baki.

"Wayyo ɗan nan, mi ya sa ba ka tambaye ni ba? Ai Malam ya gyara ta."

Na ce, "Ya gyara mi?"

Ta ce cikin goman ƙarshe na azumi ne. Wata waya ce da ta ratsa ta wani ɗan rami a jikin ƙarfe, can bayan sitiyari. Shekaru sun cinye rigarta ta gefen da ido ba ya gani, in mota ta murɗe a rafi sai tagullar ta taɓa ƙarfe, waifa ta tashi. Ya shigo gida hannu baƙi ƙirin da wayar a tafinsa, yana dariya kamar yaro, yana cewa, "Ga munafukar! Ga ta nan!" Ya ja sabuwar waya, ya bi hanya ya dawo, lafiya lau. Ya ce kada ta faɗa wa kowa, so yake bayan Sallah ya je da kansa ya ɗauko Sarki ya gani da idonsa.

Na ce, "Iya, ina tsohuwar wayar?"

Ta ce, "Don haushi ya jefa ta murhu. Da ita na dafa kunun buɗa baki."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a zama ɗaya. Kai, Kawu! Mutumin da komai sai an buɗe ya gani, shi ne ya ƙone abu ɗaya tak da za a buɗe a gani.

Na koma wajen mai unguwa da wannan bayani. Ya saurare ni, ya ce to, Allah ya sa haka ne. Na san irin wannan "to" ɗin. Da na ba bakaniken nan labari, sai ya ja ni gefe ya ce abin ai mai sauƙi ne. A kawo motar, ya kankare sabuwar wayar daidai wajen ramin, a sake ɗaukar dattawan, waifa za ta tashi, magana ta mutu. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, mayar da abu ne yadda yake a da. Na kwana ina juya maganar, kuma wallahi ta kwanta mini. Da safe na kai wa Iya.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Wata nawa yana kwance ƙarƙashin motar nan da ciwon gwiwa?"

Na fara lissafi da yatsu.

Ta ce, "Da azumi a bakinsa ya gano ta. Ban ga Malam ya yi dariya ba tun rasuwar ɗan Sarki sai ranar. Shi ne za ka kai wa bakanike ya ɓata, a bayan idonsa? Ta kwana a gareji?"

Na ce, "Iya, in ba a yi haka ba, Safana za a kai ki."

Ta ce, "A kai ni. Bai yi ha'inci yana raye ba, ba za a yi mashi yana kabari ba. Ka bar mashi gyaransa."

Na fita na buɗe motar, na zura kai inda yake zurawa. Ga sabuwar wayar nan, ya naɗe ta da robar tib a wajen ramin don kada ta sake gogar ƙarfe, ya ɗaure tsaf. Na daɗe ina kallonta, sannan na rufe ƙofa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata mashi makwanci, ya sa wahalar da ya sha a kan hanyar nan ta zame mashi haske. Waɗanda ya ɗauka suna nishi suka dawo da ƙafafunsu, su ne shaidunsa a inda shaida ke da amfani.

Iya ta fita takaba tsakiyar marka. Ranar da za ta tafi tun safe ake ruwa. Ni na ɗauke ta, a motar, na rufe 'yan kayanta da tamfol a baya. Na zare wa waifar rigunanta kamar yadda yake yi in damina ta sauka, na murɗa makunni, ta kama aiki, gilashi na fita tas. Ba wadda ta fito rakiya. Da muka zo ta bakin kasuwa sai ga Baba Sarki tsaye a ƙarƙashin rumfarsa. Iya ta ce in tsaya.

Ta sauke gilashi ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi marayun ɗansa ɗaya bayan ɗaya. Yana amsawa da "lahiya lau", amma idonsa ba ya kanta. Yana kan sandunan nan biyu da ke kai da kawowa.

Ya ce, "Don Allah, yaro, kashe abin nan."

Na murɗa makunni. Waifar ta ƙarasa zagayenta, ta koma ta kwanta.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ashe tana jin magana."

Iya ta ce, "Yanzu tana ji, Sarki. Sai da ya sa ta ji sannan ya tahi." Ta ɗaga gilashinta ta ce mu je.

Na ja mota. Ruwa ya rufe gilashin gaba, da ƙyar nake ganin hanya, amma ban sake kunnawa ba sai da rumfar ta ɓace a bayanmu. Iya ba ta waiwaya ba har muka hau titin Safana.